Gugan Hamman a Layin Turawa

A ƙasar Yekuwa, in ka bi hanyar amalanke ta gabas ka wuce gonakin wake, akwai rijiya guda da ake ce wa Rijiyar Ɗela, a bakin rijiyar nan kuma akwai Hamman. Shekararsa talatin da ɗoriya a wurin. Waɗansu na cewa rijiyar ta riga shi zuwa, amma har yau ba a samu tsohon da zai rantse a kan haka ba.

Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Iyayensa makiyaya ne da suka zauna suka haɗa kiwo da noma. Abin da ya gada shi ne shanu, da gona uku, da guga ɗaya na fatar sa. Shanun suna ƙaruwa suna raguwa yadda damina ta ga dama, gonakin ma haka. Gugan ne kaɗai bai taɓa ba shi kunya ba. An yi masa faci har ba wanda ya san inda fatar asali take, dukawa uku sun tsufa sun mutu suna ɗinkinsa. Duk Juma'a Hamman yana shafa masa man shanu da tafin hannunsa, gatan da matarsa Sa'a ta ce ita ba ta samu ba ko makon da aka kawo ta.

Ba wanda ya naɗa Hamman komai. Ba shi da rawani, ba shi da takardar meri, wato ofishin magajin gari. Amma da rani, in tafkuna suka ƙafe, gida bakwai suka dogara da rijiya ɗaya, shi ke cewa wane ya ja, wane ya jira. A gefen rijiyar akwai gwafa bakwai da aka kafa a jere, kowace da gugan da ke rataye a kanta. Mai gwafar farko shi ke ja da sanyin safiya, lokacin da ruwa ya kwana ya taru, garau kamar a kwalba. Mai ta bakwai sai rana ta take tsaka, ya jawo abin da ya fi kama da kunun laka. Dokar Hamman kuma guda ce, yara ma sun haddace ta kafin su iya ƙirga: layi na guga ne, ba na mutum ba, kuma gugan da ya kwana ba a kan gwafarsa ba ya koma wutsiya. Nasa, da yake shi ne mafi tsufa, yana kan ta farko tun kafin a san salula a ƙasar nan.

Wanda ya fi kowa sanin zaƙin dokar nan shi ne Ajimi, wani manomi mai shanun huɗa biyu da awakai. A da shi ne na biyu a layin. Shekarar da surukarsa ta rasu a Mallawa ya ɗora gugansa a amalanke don ya shayar da shanun a hanya, ya kwana biyu can wajen zaman makoki. Da ya dawo Hamman ya tare shi, ya riƙe hannunsa, ya yi masa ta'aziyya har da ƙwalla, ya yi wa mamaciya addu'a mai tsawo. Da aka shafa, sai ya nuna masa gwafa ta bakwai. Shekara goma sha tara ke nan Ajimi yana wutsiya. Bai taɓa cewa uffan ba. Kullum yana gaida Hamman da fara'a, irin fara'ar mutumin da ya ajiye wani abu a ƙasan tukunya.

Hamman yana da ƴaƴa shida, biyar sun fito yadda ake so. Autar ce, Raliya, ta fito da tambaya a baki. Aka sa ta tatsa, ta tsaya tambayar me ya sa nono yake fari alhali ciyawa kore ce, har saniyar ta gaji ta shure ƙwaryar. Aka ga ba za ta yi amfani a garke ba, aka kai ta lakol, makarantar boko, don a huta. Mushe, malaminsu, ya ce tana da kai. Daga nan sai lise, babbar sakandare, a Magarya, sai jarrabawar bak, sai jami'a a Yamai, sai aka ji wai an ba ta bursu, tallafin karatu, ta tafi Turai. In an tambayi Hamman me take yi can, sai ya ce tana aiki da wani inji wanda ya fi kasuwar Dungas faɗi. Daga baya injin ya girma a bakinsa ya kai daga Dungas zuwa Dogo-Dogo.

Shekarar da ta zo hutu ya zaunar da ita a gindin gawo ya ce ta gaya masa gaskiya, don mutane sun fara yi masa tambayar da ba shi da amsarta.

Ta ce, "Baba, duk abin da ka gani, ƙarfe ne, gishiri ne, in aka yi ta raba shi za a kai ga ƙwayar da ake kira ƙwayar zarra. A tsakiyarta akwai wani ƙwallo, a cikinsa kuma ƴaƴa iri biyu ne, furoton da nitiron. In sun yi daidai sai ƙwallon ya zauna lafiya har tashin duniya. In nitiron suka yi yawa ba ya zama. Kamar garke ne da shanu suka fi ƙarfin makiyaya, waɗansu suna can gefe-gefe, kafin ka ƙifta ido ya watse."

"To ku mene ne naku a ciki?"

"Muna so mu ga yadda suke jeruwa a ciki kafin su watse. Irinsu ba a samunsu a ƙasa, sai mun yi su. Injin yana harba ƙwayoyi da gudu su daki wani faranti su farfashe, a tace waɗanda muke so, a koro mana su a jere zuwa wajen na'urarmu mu auna."

Hamman ya sosa gemu. "Wa ya ƙara shanun har suka fi ƙarfin makiyayan?"

"Mu ne, Baba."

"Ku kuka ƙara, ku kuma kuke mamakin ya watse."

Bai ga abin kamawa a maganar ba sai da ta zo kan injin. Ta ce guda ɗaya ne a wurin, masu so kuma sun zo daga ƙasashe da yawa. Ana rubuta takarda a nemi lokaci, komite ya zauna ya duba, a ce wane kwana biyar, wane kwana bakwai, wane ya dawo baɗi. Nan Hamman ya gyara zama, idonsa ya buɗe. Ashe dai rijiya ce. Ya san ba ruwa ake ja ba, ba yaro ba ne shi. Amma abu ɗaya, mabuƙata da yawa, kowa da lokacinsa, wannan ai aikinsa ne tun kafin a haife ta. Daga ranar ya daina cewa inji, ya koma cewa rijiyarsu Raliya.

Ana tsakiyar rani, wata ranar Laraba da hantsi, ya dawo daga shayarwa ya tarar da Sa'a zaune da salula a hannu, fuskarta ba daɗi. Raliya ce a kan layi, muryarta kamar ta wadda ta yi kuka ta wanke fuska. Shekara biyu tana jiran lokacinta, aka ba ta kwana shida. Rana ta biyu wani abu ya lalace a injin, sauran kwanakin suka tafi wajen gyara. Da aka gama, waɗanda ke bayanta suka shiga, don lokacinsu ya yi. Karatunta kuma zai ƙare kafin kaka. In ba ta auna komai ba, ba littafin da za ta rubuta, ba digirin dokta, za ta dawo gida hannu biyu bayan shekara huɗu.

Hamman ya karɓi salula ya riƙe ta nesa da kunne yadda ya saba, kamar tana cizo.

"Auta, igiyarki ce ta tsinke ko ta rijiya?"

"Tasu ce, Baba."

"Madalla. Da kika tashi daga wurin, me kika bari?"

"Kamar me?"

"Abin da zai riƙe miki wuri."

"Ba a barin komai a nan. Na rubuta wa komite takarda, sun ce za su duba in an samu sarari."

"Takarda," in ji Hamman. Ya dubi Sa'a, ya dubi sama. "Ƴar Hamman ta tashi daga bakin rijiya ta bar takarda. Injin nan naku, shekararsa nawa?"

"Bai kai talatin ba, ina ji."

"To. Yaro ne."

Ya miƙa wa Sa'a salula ya fita. Ba ta sake ganinsa ba sai bayan azahar, ya shigo da guga a kafaɗa. Shekara talatin da ɗoriya gugan nan bai taɓa shigowa gida ba, har kaji suka watse.

Sa'a ta ce, "Malam, me ya kawo wannan?"

"Tafiya zai yi."

"In dai abin ajiyewa ne, ka sayi sabo a kasuwa ka aika mata."

"Sabo ba shi da shekaru. Ana kai shi za su nuna masa wutsiya. Wannan kuwa ya girmi injinsu, duk mai hankali in ya gan shi ya san ba a wuce gabansa."

"Naka layin fa?"

Ya riga ya yi wannan shari'ar a zuciyarsa tun daga bakin rijiya har gida, ya kuma yi nasara. Ya ce gugan ba fita layi zai yi ba, wani layin zai shiga, aiki ne ya kai shi. Sa'a ta ce to, Allah ya sa Ajimi ya san wannan babin. Ta ci gaba da tankaɗe.

Akwai wani ɗan Magarya, Abdulmumini, da ke aiki a ƙasar da Raliya take, ya zo ganin gida, saura kwana uku ya koma. Washegari Hamman ya ɗaura amalanke ya same shi. Abdulmumini mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce duk saƙon da Baba zai bayar a kansa. Yana zaton kilishi ne ko yaji. Da aka buɗe buhu sai ya ja da baya taku uku. Man shanun shekara talatin ba abin wasa ba ne. Ya soma bayanin kilo da duwan, wato ƴan kwastan, Hamman ya ce ai ba nauyi, ya kuma ce kada a naɗe bakin da ƙarfi don facin wurin sabo ne. Aka sa shi a buhu uku, aka zuba kanumfari. An ce a filin jirgi karen duwan ya sansana jakar sau ɗaya ya kwanta, har yau bai koma aiki ba.

Kashegarin dawowarsa daga Magarya Hamman ya kora shanunsa da sassafe, riƙe da sabon guga na robar taya, irin wanda ya sha cewa ko jaki bai kamata ya sha daga cikinsa ba. Bai taɓa tarar da kowa a rijiya a wannan lokacin ba. Ranar ya tarar da gida shida cif, kowa a tsaye kusa da gwafarsa. Ajimi, wanda lokacinsa sai tsakar rana, ya zo da tabarma da farar riga ta Juma'a.

"Barka da asuba, Malam Hamman. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Ajimi. Yau da wuri."

"Barci ne ya ƙi. Na ga gwafar farko ta kwana biyu ba kowa, na ce ko lafiya."

Hamman ya yi bayani. Ya kawo batun Turai, da komite, da injin da ya kai daga nan zuwa Zandar, don a safiyar nan ya ƙara tsawo. Ya ce gugan yana bakin aiki, a layi yake, ba yawo ya tafi ba.

Ajimi ya tashi, ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya ce Allah ya kai shi lafiya, Allah ya ba yarinya sa'a, Allah ya sa ta fi haka. Ya yi addu'a mai tsawo, har idonsa ya kawo ruwa. Aka shafa. Sai ya ce, "Nawa ma da ya je Mallawa ba yawo ya tafi ba."

Ba wanda ya yi dariya, sai wani bijimi da ya yi atishawa. Hamman ya dubi fuskoki shida. Ya san in ya rataya robar nan a gwafar farko ba mai cire ta, don ba wanda ya taɓa musa masa a wurin nan. Ya kuma san gobe wani zai zo da nasa dalilin, jibi wani, kafin ruwan farko ya sauka za a fasa kan mutum a bakin kwamin shayarwa. Ya tsaya har shanunsa suka fara tura shi ta baya. Sannan ya taka, ya wuce ta farko, ya wuce ta biyu, ya yi ta tafiya kamar mai zuwa Makka a ƙasa, ya tsaya a ta bakwai ya jira Ajimi ya cire nasa.

Kowa ya matsa gaba da gwafa ɗaya. Ajimi, bayan haƙurin shekara goma sha tara, ya tashi daga na bakwai ya zama na shida. Ya yanka zakara, ya raba goro, matarsa ta yi lalle.

Makonni shida Hamman ya yi yana jan laka. Shanunsa da suka saba da ruwa garau sukan leƙa kwami, su ɗago su dube shi, su sake leƙawa. Wata tsohuwar saniya ta yi kwana biyu tana fushi. Nono ya ragu, Sa'a ta ce ba ta ce komai ba, kuma ta faɗi haka sau goma a rana. Shi kuwa kullum da la'asar sai ya zauna kusa da inda ake ajiye salula, wai inuwar wurin ta fi sanyi. Abin da ke cin sa bai gaya wa kowa ba. In Turawan nan ba su san girman guga ba fa? In Abdulmumini ya jefar da shi a hanya? Ya zama ya rasa nan, yarinya ta rasa can, kuma Ajimi yana raye.

Ranar da Raliya ta kira, yana cikin gyaran igiya. Muryarta ta dawo irin ta da, mai gudu.

Ta ce saƙo ya iso tun tuni. Ta kai shi ɗakin da ake zama ana lura da inji, ta rataya a bayan ƙofa, don in ta bar shi a ɗakin kwananta mai gida zai kore ta. Kwana biyu mutane suna neman abin da ya mutu a cikin bango. Da shugaban wurin ya gano, ya tambaye ta, ta gaya masa yadda ake yi a Rijiyar Ɗela, gwafa da komai. Ya yi dariya har ya zauna, ya ce a bar shi.

"Dariya," in ji Hamman. "To sai me?"

"Sai waɗansu da lokacinsu ya zo kayan aikinsu suka maƙale a hanya, kwana uku suka zama ba mai su. Komite ya ba ni. Da ma haka tsarin yake, Baba, wanda lalacewar inji ta cinye wa lokaci shi ake fara dubawa."

"Lokacin da suka ba ki, gugan yana ina?"

"Yana rataye."

"To."

"Baba, ba shi ne..."

"Na ji. Tsari ne. Kin ja?"

"Na ja. Kwana uku ba tsayawa. Mun ga ƙwallo guda arba'in da uku."

"Dubu arba'in da uku?"

"Guda arba'in da uku. Sun isa. Na ga yadda na gefen suke zama, abin da littafin ke buƙata ke nan."

"Yanzu suna ina?"

"Sun watse tun a lokacin. Ko ƙiftawar ido ba sa kaiwa."

Hamman ya lissafa a ransa: jiran shekara biyu, guga ya ƙetare teku, shanunsa sun sha laka mako shida, duk don garken da bai kai na Bello maƙwabcinsa ba, kuma ko ɗaya bai kwana ba. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya ga Sa'a tana share ido da bakin zane. Ya ce Allah ya yi albarka.

Raliya ta ce za ta ba wani mai zuwa gida ya dawo masa da gugan, ko da yake waɗanda suka shiga bayanta sun roƙa a bar musu shi har su gama, wai tun da aka rataya shi injin bai sake tari ba.

Hamman ya ce, "Bayan littafin, kin gama da rijiyar ke nan?"

"A'a, baɗi zan sake nema. Akwai wani ƙwallon da ya fi wannan yawan nitiron."

"To kada ki taɓa shi. Kada ki bari kowa ya sauke shi, ko shugaban ne. In ya kwana ɗaya a waje sai wutsiya. Ki riƙa shafa masa mai ranar Juma'a, na shanu, ba irin naku na kwali ba."

Sa'a ta ce, "Malam, kai fa?"

Ya ce ko gugan ya dawo ai ta bakwai zai hau, doka ba ta san Turai ba.

Har yau in ka bi ta Rijiyar Ɗela da tsakar rana za ka same shi, shi da inuwarsa da ba ta kai faɗin igiya ba, yana jan laka da robar taya. Shi ne dai ke cewa wane ya ja, wane ya jira, kuma tun ranar nan ba wanda ya sake gwada kawo dalili. Baƙo in ya tsaya shan ruwa, kafin ya kai kofi baki ya ji cewa mutumin nan da ya gani a wutsiya shi ne na farko a layin Turai gaba ɗaya, ƴarsa dokta ce, komite ba ya zama sai ya gaida gugansa. Ajimi yana naɗe igiyarsa a gwafa ta shida, ba ya ko ɗago kai, yakan ce, "Gaskiya ne, Malam Hamman. Sai ka kora shanun can su sha."